Keke Mai Ƙafar Zabo

Ruwa ne ya fara ba ni tsoro a Liyon ta ƙasar Faransa, tun kafin sanyi ya sami nasa rabon. Ni mutumin Gure ne. Na girma ina ganin ruwa a rijiya da tulu, sai tabkin damina wanda kafin a gama girbi ya koma taɓo. Na san kogin Yamai, amma shi ma mai kunya ne, rani na yi yake ja da baya har shanu su shiga tsakiyarsa su yi kiwo. Da motar da ta ɗauko ni daga filin jirgi ta hau wata gada, na leƙa na ga ruwa kore shar yana gudu kamar an biyo shi, sai na tambayi direba a wane wata yake janyewa. Ya dube ni ta madubi, ya ce tun zamanin kakansa haka ya san shi. A raina dai ban yarda ba.

Sunana Isa, ma'aikacin kiwo ne ni, abin da muke ce wa elbaj. Na daɗe ina yawo da akwatin allura tsakanin Gidigir da Kelle da Gamu, har dabbobin yankin sun fi 'ya'yana sanin fuskata. Da girma ya fara kama ni sai Allah ya kawo wani isitaj, wato kwas na 'yan watanni, a kan cututtukan dabbobi, aka ce ni zan je. Wannan shi ne aikin da hukuma ta aiko ni. Akwai kuma wani aikin da babu takardarsa, shi ne ya fi hana ni sukuni.

Ya Fanna ce ta ɗora mini shi, wato Inna Fanna a bakin Barebari. Makiyayiya ce daga wajen Kelle, gidan raƙuma da awaki, Barbarci a gida, Hausa a kasuwa. Ban taɓa zuwa yi wa garkensu allura na tashi ba ta cika mini ƙwarya da nono ba. 'Ya'yanta maza biyu sun yi arewa tare za su Turai, babban da kuma autanta Gaji. Suka ƙetare sahara lafiya, suka shiga jirgin ruwa, jirgin ya kife. Wani mutumin Gamu da ke cikinsu, wanda daga baya aka mayar da shi gida, shi ya kawo labari: babban ya fita, Gaji bai fita ba. Daga babban kuwa ba a ji komai ba sai hoto guda da ya turo wa ƙanwarsa Aisa, babu ko kalma a ƙarƙashinsa, daga nan lambar ta mutu. A hoton yana tsaye a kan wata siririyar gada mai jan ƙarfe, riƙe da keke, da ƙaton akwatin kai abinci a bayansa. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi karatu a Faransa ya dubi cocin da ke kan tudu a bayan hoton ya ce nan Liyon ne.

Wata ranar kasuwa ta zo ofishinmu da Aisa. Na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa.

"Mushe Isa, an ce garin da za ka tahi, can wancan yake."

"Wancan wa, Ya?"

Ta kau da kai ta dubi bango. Aisa ta ce, "Yaya Jatau take nuhi."

"Ka ce masa mun ji na Gaji," in ji Ya Fanna. "Mun yi sadaka tuni. Ka ce masa babu wanda aka nema da komi. Shi bai san mun sani ba, shi ya sa ya ɓoye."

Ta kwance wani tsumma, ga cuku a ciki, busasshe ƙaƙas, ta sake ɗaurewa ta tura gabana. Aisa ta turo mini hoton a salula. Na riƙe sunan Jatau a kaina, ban ƙara tambayar komai ba. Yaron ban san shi ba, duk lokacin da na je garkensu yana can daji da raƙuma.

A Liyon an sama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Madam Odil, gajeriya mai farin kai da faɗan tsiya. A makon farko ta yi mini faɗa a kan ruwan wanka, a kan taga, a kan yadda nake gaida ta sau uku kafin in faɗi abin da ya kawo ni. Da na nuna mata hoton, ta sa tabarau ta duba ta ce gadojin garin nan suna da yawa, ita kuma ta daina zuwa bakin ruwa tun da mijinta ya rasu. Washegari sai ga ta da makulli. Ta kai ni ɗakin ajiya na ƙasa, ta yaye wani tsohon bargo, ga keke kore mai kwando a gaba.

"Na mijina ne," ta ce. "Akwai hanyar keke a bakin ruwa daga farkon gari har ƙarshensa. Da ƙafa za ka tsufa ba ka gama ba, kuma ka riga ka fara."

Na yi godiya, na durƙusa na fara sassauta iskar tayoyin. Duk wanda ya taɓa tuƙa abu mai taya a Gure ya san haka ake yi, in ba ka rage iska ba yashi ya haɗiye ka tun daga ƙofar gida. Hannuna ne ya yi aikinsa ban shawarce shi ba. Madam Odil ta tsaya tana jin iskar da ta sha wahalar bugawa da safe tana fita, fiii.

"Me kake yi?"

"Saboda yashi, Madam."

"Wane yashi?"

Na duba titi, kwalta har bakin ƙofa. Ranar na fara jin dariyarta, ta yi ta yi har ta dafa bango. Ta miƙo mini famfo ta tsaya a kaina sai da na mayar da iskar duka.

Ranakun aiki ina makaranta, ina leƙa ƙwayoyin cuta a madubin likita tare da yaran da na girme wa nesa ba kusa ba. Asabar da Lahadi kuwa na keke ne. In ɗauki cukun Ya Fanna a tsummansa in sa a kwando, in gangara bakin kogi. Hanyar tana da kyau, wannan ba zan ɓoye ba. Shimfiɗaɗɗiya ce, itatuwa a jere, jiragen ruwa a ɗaure waɗanda mutane suka mayar gidaje har da tukwanen furanni. Tsofaffi suna gudu ba wanda ya kore su. Mata suna tura jarirai, karnuka sanye da riguna. Ni kuma ina tafe a kan keken mamaci, duk gadar da na iso in tsaya, in fito da salula, in dubi hoto in dubi gada. Wata ta dutse ce, wata fara ce mai lanƙwasa, wata jirgin ƙasa ke bi ta kanta. Na bi kogin nan sama har gidaje suka ƙare aka shiga kurmi, na dawo na bi shi ƙasa. Na ga cocin a kan tudunsa daga nesa, amma jar gada babu ita.

Masu kai abinci kuwa ga su ko'ina, kamar fara. Yawancinsu baƙaƙe ne irina, da Larabawa, da wasu da ban san daga ina suke ba, kowa da akwati a baya yana tsala gudu. Wajen azahar suna taruwa a gindin gadoji suna jiran salula ta kira su. Nan na fara zuwa ina sallama.

"Ina neman wani yaro ɗan Nijar, sunansa Jatau."

Babu wanda ya taɓa jin sunan. Wani ɗan Gine ya tambaye ni yaya kamanninsa suke, na ce ai sunan ya faɗa, Jatau, wato mutum ne ja, mai hasken fata. Ya waiga ya dubi Turawan da ke wucewa, ya dube ni, ya ce in dai mai hasken fata nake nema to na zo garin da ya dace. Suka fashe da dariya, ni ma na taya su don babu yadda zan yi.

Da na fito da hoto sai dariyar ta tsaya. Wanda ke kusa da ni ya ja kekensa baya. Wani ya tambaye ni takardun zama gare ni, na ce e, da alfahari ma na faɗa. Ashe nan na ɓata komai. Mutum mai takardu, mai furfura, yana yawo da hoton yaro yana tambaya, ai ko ni ne sai in ce 'yan sanda suka aiko shi. Daga ranar, da sun hango koren keke mai kwando sai hira ta mutu.

Mutum ɗaya ne ya sake mini fuska, shi kuwa gara da bai sake ba. Ya same ni a kan benci, ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, ya ce shi ɗan Damagaram ne. Wata biyu ban ji Hausa daga bakin mutum a gabana ba, sai da idona ya kawo ruwa. Ya dubi hoton ya ce ai Jatau abokinsa ne, ɗaki ɗaya suke kwana, sai dai yaron tsoro gare shi, ba zai fito ba sai ya ga shaida daga gida. Na kwance tsumma na raba cukun biyu na ba shi rabi. Muka yi alkawarin haɗuwa a bencin nan Lahadi mai zuwa. Na zo na zauna tun hantsi har inuwa ta juya. Na sake zuwa wata Lahadin. Har yau in na tuna mutumin nan raina yana ɓaci, ba don cukun ba, don Hausar da ya yi mini.

A bencin nan ne, ina zaune ina jiran wanda ba zai zo ba, abin ya faɗo mini. Jatau ba suna ba ne. Laƙabi ne. Ɗan fari ne, uwarsa ba za ta taɓa kama sunansa ba, gida duka suka bi bakinta, har ƙannensa suka tashi ba su san shi da wani suna ba. Wanda ya ƙetare teku ya shiga hannun masu rubuta sunaye kuwa, da sunan yanka za a san shi. Ni da tawa uwar har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba, ni ne na zo ƙasar Turawa ina neman mutum da sunan da ake kiransa a gindin raƙumi. Na kira Aisa nan take ko za ta binciko mini sunan. Layin ba ya shiga. Na kira da yamma, na kira washegari. Sai na tuna lokacin ne da suke can arewa da dabbobi wajen ciyawa, inda babu rezo, wato layin salula, sai na Allah. Sai sun gangaro.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi. Ganye ya zube, rana ta koma fita a makare tana komawa da wuri kamar ma'aikacin da ya kusa ritaya. Ina kewar gida har cikin ƙashina. Ina kewar hurar matata Hadiza, da ƙarar tabarya da asuba, da yadda a Gure ba ka isa ka wuce mutum ba ka tambayi gajiyarsa ba. Na kira Hadiza na ce mata na gaji, zan bar neman nan. Ta ce to, in na dawo ni zan dubi idon Ya Fanna, ba ita ba. Matar nan ba ta taɓa lallashina ba tun da na aure ta, kuma kullum sai maganarta ta yi aiki.

Asabar ta gaba na ce bari in bi hanyar ƙasa har inda ta ƙare, in ya so in san na gama. Ana yayyafi. Na wuce gadojin da na riga na haddace, na haye wata doguwa, na gangara wani wuri da ƙasa ta tsuke ta zama tsini. A kan jiƙaƙƙen ganye tayar gaba ta zame, na faɗi rigijib, kwando ya yi gefe, sarƙa ta fita. Wani tsoho mai kamun kifi ya ajiye sandarsa ya zo ya ɗaga ni. Bai yi magana da yawa ba. Ya mayar da sarƙar da hannunsa, ya goge baƙin mai a wandonsa, ya zuba mini kofi mai zafi a murfin butarsa. Ina sha ina dubawa, sai na ga abin da ban gane ba: ruwa ta hagu, ruwa ta dama, ɗaya kore mai gudu, ɗaya ruwan ƙasa mai tafiya a hankali, suna haɗuwa a gabanmu kowa da launinsa.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Wannan Ron, wannan Son."

"Kogi biyu ne a garin?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko rana ɗaya ce a sama. Ni kuwa ko a mafarki ban taɓa kawo wa raina cewa Allah zai ba gari ɗaya kogi biyu ba, alhali Gure ko rabin ɗaya ba ta samu ba. Madam Odil ta ce bakin ruwa, na ga ruwa, na tsaya a kansa. Na nuna wa tsohon hoton. Ya sa yatsa mai ƙarnin kifi a kan salulata ya ce wannan ai a kan Son take, in bi wannan hannun, in na ga tsofaffin gidaje masu launin ƙasa to na kusa.

Son ya fi kwanta mini a rai. Siriri ne, ba ya gaggawa, gidajen bakinsa sun tsufa sun jingina da juna. Ban yi nisa ba na hango ta, siririya, jan ƙarfe, ga coci a sama daidai inda yake a hoton. Na sauka na tura keken zuwa tsakiyarta. Tana ɗan motsi a ƙarƙashin ƙafa in mutane suna tafiya. Na tsaya daidai inda yaron ya tsaya, na yi ta kallon masu wucewa har yunwa ta kore ni. Gada dai na samu, amma gada ba ta san sunan kowa ba.

Na yi ta komawa. Masu kai abinci na wannan ɓangaren ban tambaye su komai ba, na riga na koyi darasi. A gefen gadar akwai wani dogon ƙarfe inda suke ɗaure kekuna in za su shiga gidajen abinci karɓar kaya. Wata Lahadi da rana na je ɗaure nawa a wurin, na sunkuya ina kokawa da makullin Madam Odil, sai idona ya sauka a kan keken da ke kusa. Baƙi ne, ya sha wuya. A jikin ƙarfensa, ƙasa da sirdi, an kankare fenti da wuƙa an yi zane: layi uku da suka haɗu a ƙasa, da ɗigo biyu a gefen dama.

Ƙafar zabo da ɗigo biyu. Na ga wannan alama a cinyar raƙuma ba adadi, na dafa ta da hannun hagu ina soka allura da na dama. Kowane gidan makiyaya da tasa shaidar da yake yi wa dabbobinsa da wuta, kuma wannan ta gidan su Ya Fanna ce. Yaron ya canja lamba, ya yanke magana da kowa, amma da ya sami abin hawa sai ya sa masa shaidar gidansu, a daidai cinya. Na zauna a kan dakalin wurin ina jiran mai keken.

Da ya fito ban gane shi ba. Ya rame, ya tara gemu, hula ta rufe rabin fuskarsa. Sai da ya sa hannu a kan baƙin keken na miƙe.

"Wushe," na ce masa, gaisuwar gidansu.

Hannunsa ya tsaya a kan makulli. Bai waigo ba. Ya ce da Faransanci bai gane abin da nake faɗa ba.

"To shi ke nan," na ce da Hausa. "Ni ba wurinka na zo ba. Ni mutumin elbaj ne daga Gure, na ga dabbar gidan Ya Fanna ta ɓato har nan, na ce bari in duba ko an yi mata allurar bana."

Ya juyo a hankali. Ya dubi fuskata, ya dubi kwandon kekena inda tsumman yake. Tsumman ya fara ganewa kafin ni, gefen tsohon zanen uwarsa ne.

"Baba," ya ce, "ina da kaya a baya. In na daɗe za su huce."

"Mu je in raka ka."

Haka muka yi. Yana gaba ina biye, ina haki. Da muka zo hawa gada na lura da shi: tsakiya yake bi, kansa a sunkuye, idonsa a kan tayar gaba, ba ya duban hagu ko dama sai ya sauka. Aikinsa kuwa ƙetare ruwa ne tun safe har dare. Ya miƙa kayan a wani gida, ya kashe salularsa, muka bi hanyar bakin Son zuwa sama inda mutane suka yi ƙaranci. Ya zaɓi benci mai bai wa ruwa baya.

Na tambaye shi sunansa. Ya ce Mustafa. Na ce to Mustafa, ka wahalar da tsoho. Na ba shi cukun, na gaya masa rabi ya tafi wurin abokin kwanansa ɗan Damagaram. Ya ce shi bai san wani ɗan Damagaram ba. Ya ɓalli kaɗan ya sa a baki, bai tauna ba, ya bar shi yana jiƙa. Sannan na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, ban ƙara ba ban rage ba: sun ji na Gaji, sun yi sadaka, babu wanda aka nema da komai.

Da ya buɗe baki, ƙasa yake kallo.

"Ina riƙe da hannunsa, Baba. Ban san lokacin da ya zame ba." Ya juya tsumman a hannunsa. "Kai ba ka san gidanmu ba. Gaji ne nata. Tun da gari ya waye, Gaji ka ci, Gaji zo nan, Gaji ina takalminka. Ni ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Wanda take kira shi na bari a ruwa, wanda ba ta kira shi ya hita. Da wane baki zan ce mata ga ni?"

Tausayinsa ya kama ni ƙwarai, amma haushi ma ya ɗan taso mini, don na tuna gwiwata da ta sha ƙasa.

"Mustafa, ka san abin da ya sa na yi wata da watanni ina zagaya kogin da ba shi ba, ana yi mini dariya, ana ce mini ɗan sanda? Don uwarka ta ƙi faɗa mini sunanka. Ta taso tun daga Kelle, ta zauna a ƙasa a ohis, ɗanta ya ɓace a ƙasar da ba ta sani ba, kalma ɗaya za ta faɗa ta sawwaƙe mini aiki. Na tambaye ta wa, ta juya ta dubi bango."

Ya ɗago kai. "Ba ta faɗa ba?"

"Wancan ta ce. Da ta cire ka daga ranta, ai da ka zama kamar kowa, ta kama sunanka garau ta ba ni. Har yanzu kunyarka take ji, yaro. Kana nan inda kake."

Ya sa fuskarsa cikin tsumman. Na juya na dubi kogi na bar shi, don ni ma ina da nawa idon da zan goge.

Salular Aisa ta dawo bayan sun gangaro daga arewa. Muka sa rana, ranar kasuwar Kelle, lokacin da za su shigo gari inda rezo yake. Mustafa ne ya ce a yi kiran a kan jar gadar, ban tambaye shi dalili ba. Muka jingina kekunanmu a tsakiya, kore da baƙi, la'asar tana sauka a kan tsofaffin gidajen. Na buɗe murya yadda mu biyu za mu ji. Aisa ta ɗauka, ta ji muryar yayanta, ta yi ta kuka tana dariya, ga hayaniyar kasuwa da kukan awaki a bayanta. Can sai ta ce ga Ya.

"Mushe Isa, kana lahiya? Ya sanyi?"

"Lahiya lau, Ya. Ga shi kusa da ni, yana jin ki."

"To madalla." Ta ƙara da cewa, "Yana cin abinci?"

Mustafa ya matso da bakinsa. "Ina ci, Ya."

Ba ta amsa masa ba. Numfashinta kawai muke ji, mai nauyi, kamar ta hau tudu. Wani jirgin ruwa ya wuce ta ƙarƙashinmu, igiyar ruwan ta riƙa dukan ginin bakin kogi.

"Mushe Isa, ƙarar mene ne wannan?"

Na dubi Mustafa. Ya kama jan ƙarfen da hannu biyu, ya leƙa ƙasa, karo na farko da na ga ya dubi ruwan.

"Kogi ne, Ya," ya ce. "Ruwa ne."



"Akwai gada?" ta tambaya.

"Akwai, Ya. A kanta muke."

"To, Mushe Isa," in ji Ya Fanna, "ka ce wa wancan ya riƙa bi ta gada."